Farfaɗo da Tsohuwar Fijo 504: Darasin Kimiyya a Ƙofar Gida

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya, ya ratsa ƙasar Kumbotso ya isa Kura, ko ya karkata ya nufi Bunkure, ba zai rasa ganin tsofaffin motoci jibge a ƙofar gidaje ba. Tayoyinsu sun sace, ƙura ta rufe gilasansu, kaji da awaki sun mai da su wurin shan inuwa. Da yawa daga cikinsu Fijo ne, ƙirar 404 ko 504, wasu na shiga, wasu kuma a-kori-kura. Iyalin da ke da irin wannan mota suna da zaɓi biyu: ko dai su sayar wa 'yan gwangwan a yanka ta a auna a sikeli, ko kuwa su yi ƙoƙarin tayar da ita.

Wannan maƙala ta shafi zaɓi na biyu ne, musamman ga gidan da ba a taɓa yin irin wannan aiki ba. Abin da take son nunawa shi ne, mota ba ta lalacewa haka siddan. Kowace ɓarna tana da dalilin da kimiyya ta san shi, kuma darussan da ake koyarwa a makarantar sakandare sun isa su bayyana mafi yawansu. Iyalin da suka bi hanyar masu bincike, wato dubawa, da zato, da gwaji, da rubutawa, sukan tsira da kuɗinsu da lafiyarsu. Waɗanda kuwa suka fara da fenti sukan ƙare da kyan ɗan maciji.

Asalin Motar

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da ƙirar 504 a shekarar 1968, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969. A 1975 ta lashe gasar tseren Safari a Kenya, wadda ake yi a kan hanyoyi masu ƙura da taɓo. A wannan shekarar ce kuma aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kakuri cikin Kaduna, zamanin mulkin Janar Yakubu Gawon. An ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna kimanin shekara talatin, har bayan an daɗe da daina ƙera ta a Faransa.

Zuwan motar ya yi daidai da wani babban sauyi a kudancin Kano. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwanta kuma shi ne ya raya noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure. Tumatir da shinkafa da alkama da albasa suka samu, buƙatar abin ɗauka ta ƙaru. A-kori-kura ta zama jakin wannan zamani, tana kwasar kwandunan tumatir daga bakin gona zuwa kasuwar Kwanar Gafan, ko buhunan shinkafa zuwa injinan casa na Kura.

Abubuwa uku suka sa wannan mota ta dace da mai koyo. Na farko, injinta ba ya dogara da kwamfuta, kusan kowane sashe nasa ana iya ganinsa da ido a taɓa shi da hannu. Na biyu, saboda yawan waɗanda aka harhaɗa a ƙasar nan, ana samun kayan gyaranta, sababbi da na hannu, a wurare irin su kasuwar Ƙofar Ruwa. Na uku, akwai dattawan makanikai da suka ƙare ƙuruciyarsu a kanta. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ke Cin Mota in Ta Zauna

Babban abokin gabar mota shi ne tsatsa. Tsatsa tana samuwa ne idan baƙin ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin da ruwa a lokaci guda. In babu ɗaya daga cikin biyun, ƙarfe ba ya tsatsa. Gishiri kuwa yana hanzarta ta, domin ruwan da gishiri ya narke a cikinsa ya fi sauƙin ɗaukar lantarki, ita kuwa tsatsa musayar lantarki ce tsakanin sassan ƙarfe. Wannan ne ya sa motocin ƙasashen sanyi, inda ake barbaɗa gishiri a kan titi don narkar da ƙanƙara, suke saurin ruɓewa, alhali a Kano, inda rani ya fi damina tsawo, jikin mota kan daɗe.

Sai dai motar manomin rani tana da nata gishirin. Takin zamani da ya zube daga buhu yana jan laima daga iska, ya narke, ya kwanta a lungunan bodi. Ruwan tumatir da ya tsiyaye daga kwando yana da tsami, taɓon hanyoyin gona kuma yana manne wa ƙarƙashin mota yana riƙe danshi. Don haka a a-kori-kurar yankin Kura, wurin da ya kamata a fara dubawa shi ne daɓen baya da saman tayoyi. Tsatsa ba ta kare ƙarfen da ke ƙarƙashinta kamar yadda ake samu a gorar-ruwa, wato alminiyam. Ita kumbura take yi, ta ɓarɓashe, ta buɗe wa ruwa sabuwar hanya.

Na biyu shi ne tsufan roba. Asalin roba ƙaro ne na wata bishiya mai suna Hevea brasiliensis. A 1839 Charles Goodyear ya gano cewa dafa ta da farar wuta yana sa ta yi ƙarfi. Duk da haka zafin rana da iskar ozon suna tsinka dogayen zaruruwan sinadarinta, sai ta bushe ta tsattsage. Tayoyi da fambel da tiyon ruwa da tiyon birki duk wannan ƙaddara ce ke samunsu, ko da motar ba ta motsa ko taku ɗaya ba.

Na uku su ne halittu masu rai. Motar da ta shekara biyar a ajiye ta zama gari guda. Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro muddin ransa, shi ya sa dole ya yi ta gaigaya, wayoyin lantarki da soson kujera kuwa suna cikin abin da yake samu. Inda ɓera ya yi sheƙa, maciji kan biyo. Zanzaro yana gina ɗakinsa na laka a cikin bututu ya toshe shi. Funfuna tana cin yadin kujeru in ruwan sama ya shiga, kunama kuma tana son ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa. Saboda haka ranar farko ba a zura hannu inda ido bai gani ba. Sanda da tocila su ke fara shiga.

Kafin a Kashe Ko Kwabo

Akwai tambayoyi uku da ya wajaba iyali su amsa. Ta farko: motar ta wane ne? In ta marigayi ce, dukiyar gado ce, sai magada sun daidaita kafin wani ya zuba kuɗinsa. A kuma nemo takardunta, a tabbatar lambar da ke jikinsu ta yi daidai da wadda aka buga a jikin motar.

Ta biyu: shin ƙashin motar yana da lafiya? Fijo 504 ta shiga ba ta da wani keɓaɓɓen ginshiƙin ƙarfe da aka ɗora bodi a kai, bodin ne kansa ke ɗaukar nauyi. Sai a sami sukundireba a bi ana ƙwanƙwasa ƙasan ƙofofi da daɓe da wuraren da aka ɗaure ƙafafun motar. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ya burma. In ruɓar ta kai maɗaurin ƙafafu, aikin ya wuce mai koyo, sau da yawa ma ya wuce darajar motar.

Ta uku: me za a yi da ita in ta tashi? Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce haka. Tsohon inji mai kafireto ya fi na zamani shan mai. Motar da za ta kai amfanin gona kasuwa tana iya mai da kuɗinta. Wadda za a ajiye don tunawa da mahaifi kuwa, a san cewa abin marmari ce, a yi mata kasafi daidai ƙarfi.

Daga nan sai a sayi littafi guda a raba aiki, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wani ya riƙe lissafin kuɗi. Ɗalibi ko ɗaliba su rubuta abin da aka gani da abin da aka gwada, da kwanan wata. A ɗauki hoton kowane sashe da waya kafin a kwance shi, a zuba kusoshinsa a leda a rubuta suna. Ƙananan yara aikinsu kallo ne daga nesa. A kuma nemi gogaggen bakanike guda da zai riƙa dubawa, a biya shi haƙƙinsa.

Injin da Bukatunsa Uku

Injin 504 yana aiki ne bisa tsarin da Bajamushe Nikolaus Otto ya kammala a 1876, mai matakai huɗu. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da fetur. Ya hau ya matse su. Fulogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta su tunkuɗa fistin ƙasa. Sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Silinda huɗu ne ke yin haka bi da bi, a jerin 1, 3, 4, 2. Mai nazarin halittu zai ga kama tsakanin wannan da numfashi: jiki yana ƙona sukari da oksijin a hankali, inji yana ƙona fetur da oksijin farat ɗaya, dukansu kuma suna fitar da ruwa da iskar kabon dayoksaid da zafi.

Ashe ke nan inji na bukatar abu uku kafin ya tashi: matsi, da tartsatsi a kan lokaci, da haɗin iska da mai daidai gwargwado, wato kimanin kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur a ma'aunin nauyi. In ya ƙi tashi, ɗaya daga cikin ukun ne ya ɓace, aikin mai gyara shi ne ya gano wanne.

Ba a murza makulli a ranar farko. Baƙin mai ya daɗe da tsiyayewa daga bangon silinda, tayar da injin a bushe zai kankare shi. Sai a cire fulogai, a ɗiga mai kaɗan a kowane rami, a bar shi ya kwana biyu, sa'an nan a juya injin da sifana. In ya juya, an haye babban tudu. Sai a juye tsohon baƙin mai a duba shi. In ya yi kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga cikinsa, galibi ta gasket ɗin kan inji. Tsohon fetur ma zubar da shi ake yi a mazubi, domin sassansa masu sauƙi sun tashi, saura ya zama danƙo mai toshe ƙananan ramukan kafireto.

Batir kuwa ƙirƙirar Bafaranshe Gaston Planté ce ta 1859: farantan dalma a cikin ruwan asid. Yana da ɗakuna shida, kowane yana ba da kimanin bolt 2.1, jimla 12.6 in ya cika. Wanda ya daɗe a sace ba kasafai yake dawowa ba. In za a cire batir, da igiyar da ke da alamar ragi ake farawa, kuma ba a kusantarsa da wuta, domin yana fitar da iskar haidirojin mai fashewa.

Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce, a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya canza fulogi da kwayil da kafireto gaba ɗaya, ko da motar ta tashi bai san wanne ne ya lalace ba, wataƙila ya biya kuɗin abu uku a kan laifin waya guda da ɓera ya ci. In injin ya tashi, hayaƙinsa shaida ne. Shuɗi yana nufin baƙin mai na ƙonewa, baƙi yana nufin fetur ya yi yawa, fari mai kauri da ba ya yankewa kuwa yana nufin ruwa na shiga silinda. Lagireto ma a wanke shi, domin ruwan rijiya yana barin farin dutse a cikin bututunsa, irin wanda ake gani a gindin butar dafa ruwa, kuma a zafin watan Afrilu na Kano, da ke kaiwa digiri 40, toshewa kaɗan ta isa ta dafa inji.

Birki Kafin Fenti

Motar da ta ƙi tashi ɓacin rai ce kawai, wadda ta ƙi tsayawa kuwa ajali ce. Birki yana aiki da ƙa'idar Pascal: matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen bututu yana isa ko'ina daidai. Ruwa ba ya matsuwa, amma iska da tururi suna matsuwa. Man birki yana shan laima daga iska. Nau'in DOT 3 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma in ya sha ruwa wannan kan sauko zuwa wajen 140. A gangara da kaya, birki ya yi zafi, man ya tafasa, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse. Don haka tsohon man birki da tiyonsa duk canza su ake yi, kuma wannan aiki ne da tilas gwani ya duba.

Taya ma tana da ranar haihuwa. Tun daga shekarar 2000 ana buga lamba huɗu a gefenta: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta tsufa ta tsattsage ba abin dogaro ba ce ko da zanenta bai cinye ba. Bayan birki da taya da sitiyari da fitilu, sai walda. A kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari, a shafa fentin share fage, daga ƙarshe a yi fentin ado. Fentin da aka shafa a kan tsatsa gyaran gangar auzinawa ne.

Lafiyar Masu Aiki

Mutane da yawa sun ɗauka tsatsa ce ke kawo cutar tetanas, wadda ake kira sarƙe-haƙora. Ba haka ba ne. Ƙwayar cuta ce mai suna Clostridium tetani, wadda ke zaune a ƙasa da kashin dabbobi, tana kuma bunƙasa a rauni mai zurfi inda iska ba ta shiga. Motar da awaki suka kwana a ƙarƙashinta shekara da shekaru ta haɗa ƙarfe mai kaifi da wannan ƙwaya. Kowa ya tabbatar da allurar rigakafinsa kafin a fara, wanda ya yanke kuma ya wanke raunin da ruwa da sabulu ya je asibiti.

Ba a tayar da inji a rufaffen wuri kamar zaure. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, tana kuma kama sinadarin jini mai ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Ba a kuma shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare ta da ƙaƙƙarfan abu a kan ƙasa mai tauri.

Dalma tana cikin batir, ana samunta a tsohon fenti, tana kuma cikin dattin injin da ya sha fetur mai dalma, wanda ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba su gama daina amfani da shi ba sai farkon 2006. Tana lalata ƙwaƙwalwar yaro ba tare da gyaruwa ba. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara aƙalla 400, ya isa gargaɗi. Kada a fasa batir a gida. A jiƙa samfefa da ruwa kafin a goge fenti, don kada ƙura ta tashi. Ƙurar tsohon birki ma goge ta ake yi da jiƙaƙƙen tsumma, ba a hure ta, domin tana iya ƙunsar asbestos mai jawo sankarar huhu. Zuƙo fetur da baki da wanke hannu da shi duk haɗari ne.

Muhalli ma yana da haƙƙi. Baƙin man da aka zubar a ƙasa ko a kwata yana iya gangarawa magudanar ban-ruwa, ya shimfiɗu a kan ruwa ya hana iska shiga, ya cuci kifi da shuka da mai shan ruwan. A tara shi a jarka. Tsofaffin tayoyi kuwa kada a bar su suna tara ruwan sama, domin nan ne sauron Aedes, mai yaɗa shawara da zazzaɓin dengi, ya fi son yin ƙwai, kuma cikin kwana bakwai zuwa goma ƙwan ya zama sauro.

Gwaje-gwaje Don Aji

1. A sami kwalabe huɗu da ƙusoshi huɗu da aka goge. Ta farko a sa ƙusa a busasshiyar kwalba a rufe. Ta biyu a zuba tafasasshen ruwa da ya huce, a rufe samansa da man gyaɗa. Ta uku ruwan famfo a bar ta a buɗe. Ta huɗu ruwan da aka narkar da gishiri kaɗan a ciki, ita ma a buɗe. A riƙa dubawa kullum har mako guda ana rubutawa. Wace ƙusa ce ta fi tsatsa, kuma me ya sa aka tafasa ruwan kwalba ta biyu?

2. A jiƙa ƙusa mai tsatsa a ruwan tsamiya ko na lemon tsami kwana ɗaya. Me ya faru da tsatsar?

3. Ɗaya daga cikin injinan fetur na 504 yana da silinda huɗu, faɗin kowace milimita 88, tafiyar fistin kuma milimita 81. A lissafa cikin silinda ɗaya, a ninka da huɗu. Amsar za ta kusanci santimita murabba'in ciki 1,971, abin da ake kira inji mai lita biyu.

Kammalawa

Ba kowace tsohuwar mota ce za ta koma kan titi ba, kuma iyalin da binciken farko ya nuna musu ƙashin tasu ya ruɓe ba su yi asara ba, sun tsira da kuɗinsu. Ga waɗanda tasu ta cancanta, jerin aikin shi ne: takardu, ƙashin mota, inji, birki da taya, fenti a ƙarshe. In an gama, sai a sabunta takardu, jami'an duba lafiyar motoci su gwada ta, mai lasin ya tuƙa. Littafin da ɗalibi ya cika a tsawon aikin kuwa a ajiye shi a cikin motar, domin duk ranar da ta sake tsayawa, shi za a fara buɗewa kafin akwatin sifana.